Semax, maganin ƙwaƙwalwa da ake ɗigawa a hanci: abin da na gani bayan na yi amfani da shi a Rasha

Tun da bidiyoyin "maganin kaifin ƙwaƙwalwa na Rasha" suka fara yawo a WhatsApp da TikTok, saƙonni ba su daina shigo mini ba. Ɗalibai masu shirin jarrabawa, malaman makaranta, har da dattawan da mantuwa ta fara damu, kowa tambayarsa ɗaya: kai da kake can, gaskiya ne? Za ka iya aiko mana? Maganin da suke nufi sunansa Semax. Na yi amfani da shi da kaina a nan birnin Kazan, inda nake karatun digiri na uku a fannin injiniyan sinadarai, kuma likita ce ta rubuta mini shi. Magani ne na gaske, mai rajista a ƙasar da ta ƙirƙiro shi. Amma abin da yake yi wa mai lafiya bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da masu talla ke faɗi ba, a yadda na ji shi a jikina. Ban aika wa kowa ba, kuma ba zan aika ba.

Hunturun Kazan ne ya kai ni gare shi. A watan Disamba rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe uku na yamma. Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa a jere, kusan ba ka gama naɗe darduma ba lokacin wata sallar ya shiga. Ka fita zuwa ɗakin gwaje-gwaje da duhu, ka dawo da duhu. Na kai matsayin da zan karanta shafi guda na muƙala da Rashanci, in kai ƙarshe, in rasa me na karanta. Kaina ya yi nauyi, ga yawan hamma, ga saurin fushi da ba halina ba. Na je asibitin da inshorar ɗalibai baƙi ta haɗa mu da shi, likitan farko ya tura ni wurin likitar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Dattijuwa ce, mai magana a hankali saboda ta ga Rashancina na makaranta ne. Ta buga mini ɗan guduman roba a gwiwa, ta sa na bi yatsanta da ido, ta sa na rufe ido na taɓa hancina, ta auna jinina, ta tura ni gwajin jini. Da sakamako ya fito, bitamin D ɗina ya yi ƙasa sosai, abin da ta ce tana yawan gani a jikin ɗalibai baƙar fata da ke zaune a ƙasar da rana ke wuya. Sai ta tambaye ni ƙarfe nawa nake kwanciya. Da na faɗa mata, ta ajiye biro.

"Zan rubuta maka abu huɗu," in ji ta. "Bitamin, da tafiyar ƙafa da tsakar rana ko da sanyi ya kai me, da kwanciya kafin sha ɗaya. Na huɗun ɗan tallafi ne kawai. Idan ba ka yi ukun farko ba, kuɗinka za ka zuba a hanci."

Na huɗun shi ne Semax mai ƙarfin 0.1%. Na kawo wannan labari ne don mai karatu ya riƙe abu ɗaya tun yanzu: ranar da na fara ɗiga maganin, ranar na fara gyara barcina da shan bitamin. Duk sauƙin da zan ambata a gaba, ba maganin kaɗai ke da shi ba.

A kemis, mai sayarwar ba kanta ta nufa ba. Ciki ta shiga ta buɗe firji. Ta miƙo mini ɗan kwali mai sanyi, ta ce in kai shi firji da zarar na isa gida. Kuɗinsa 'yan ɗaruruwan rubul ne, bai kai kuɗin cefanen mako ba. A cikin kwalin akwai 'yar kwalbar gilashi mai mililita 3, ba ta kai tsawon babban yatsa ba, da murfin roba mai ɗan tsinin ɗigawa. Ruwan fari ne tas, ba launi, ba wari. Takardar da ke ciki ta ce abin da ke kwalbar shi ne maganin, da tsarkakken ruwa, da ɗan sinadarin hana lalacewa. Kowane ɗigo yana ɗauke da maikirogiram 50 na maganin. Akwai wani mai ƙarfin 1%, ninki goma ke nan, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma shi na masu shanyewar ɓarin jiki ne a hannun likitocin asibiti. Kamfanin Peptogen da ke Mosko ne ke yin dukansu biyun.

Yadda ake sa shi yana buƙatar ɗan koyo. Ka fyace hanci tukuna. Ka kifa kwalbar, ka ɗan ƙwanƙwasa ta da farce har ruwan ya cika tsinin. Sai ka ɗan karkata kai, ka matsa ɗigo biyu ko uku a jikin bangon hancin, ka danne gefen hancin da yatsa na ɗan lokaci, sannan ka koma ɗaya ƙofar. Idan ka ɗaga kai sama sosai, ko ka shaƙa da ƙarfi, ruwan zai gangara maƙogwaro, ka ji ɗan sanyinsa a can, kuma wannan ɗigon ya tafi a banza, don ciki zai narkar da shi. Takardar ta hana a wuce ɗigo uku a ƙofa ɗaya lokaci guda. Wanda aka rubuta wa fiye da haka sai ya jira minti 10 zuwa 15 kafin ya ƙara. Ga mai gajiyar ƙwaƙwalwa irina, da safe zuwa tsakar rana ake sa shi, na kwana 3 zuwa 5, ba abin sha kullum ba ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna bambancin abin da masu maganin suka rubuta da abin da 'yan bidiyo ke yi, masu fesawa safe da yamma wata da watanni.

Tunda sinadarai ne fannina, na zauna na bi asalinsa, kuma a nan ne maganin ya fi burge ni. Peptayid ne, wato gajeriyar sarƙa ta amino asid, irin abin da jiki ke haɗa furotin da shi. Semax guda bakwai ne a jere. Huɗun farko an kwaikwayo su daga wani sinadarin jiki mai suna ACTH, mai amino asid 39, wanda wata 'yar ƙaramar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ke fitarwa don ta umarci gaɓoɓin da ke saman ƙoda su saki wani sinadari mai suna kotisol idan mutum ya shiga matsi. A shekarun 1960, wani masani ɗan ƙasar Holan, David de Wied, ya nuna cewa guntayen ACTH suna shafar yadda ɓeraye ke koyo da riƙe abin da suka koya, ko da guntun bai da ikon tayar da kotisol. Matsalar ita ce jiki yana farfasa irin waɗannan guntaye cikin ɗan lokaci kaɗan. Masana a Mosko, a Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Gado da ke ƙarƙashin Kwalejin Kimiyya da kuma Jami'ar Mosko, ƙarƙashin jagorancin Igor Ashmarin da Nikolai Myasoedov, suka ɗauki amino asid na huɗu zuwa na bakwai na ACTH, suka liƙa masa wutsiya mai guda uku: proline, glycine, proline. Wannan wutsiya ita ke hana sinadaran jiki saurin gutsure shi. An fara aikin tun zamanin Tarayyar Sobiyet, aka kai shi asibitoci a shekarun 1990. Dabara ce mai tsafta, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin sa sinadari ya daɗe bai lalace ba zai yaba mata.

Dalilin bi ta hanci ma a nan yake. Idan ka haɗiye peptayid, ciki zai ɗauke shi kamar tsokar nama, ya narkar. Fatar cikin hanci siririya ce, cike da jijiyoyin jini, kuma ta saman hanci ne jijiyoyin jin ƙamshi ke ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa.

To me na ji? A kwanakin farko ban ji komai ba sai sanyin ruwan. Babu bugun zuciya irin na kofi mai kauri, babu rawar hannu, babu wannan zumuɗin da goro ke sa wa wanda bai saba ba. Kafin mako ya zagayo na lura da abu ɗaya: ina iya zama a kan lissafi mai tsawo ban tashi na duba waya ba, kuma nauyin da ke sauko mini bayan cin abincin rana ya ragu. Ina gyara teburin alƙaluma na gwajin da nake yi, aiki mai gundura da nake ta ɗagawa, sai na ga na gama shi a zama ɗaya. Kamar an goge ƙurar hunturu daga gilashin mota ne: hanyar ita ce dai, injin shi ne dai, gani ne ya ɗan ƙara fita.

Abin da ban samu ba shi ne abin da kowa ke nema, wato riƙe karatu. Ina da ma'auni biyu da ba sa yi mini ƙarya. Na farko kalmomin Rashanci da nake haddacewa a kati kullum. Adadin da nake mantawa washegari bai canja ba. Na biyu bitar hadda bayan Asuba. Wuraren da ayoyi ke kama da juna, inda na saba tuntuɓe in koma baya, nan dai na ci gaba da tuntuɓe, sai da maimaitawa ta gyara su kamar yadda take gyara wa kowa. Wanda ya ce maka za ka ɗiga wannan ka karanta littafi sau ɗaya ya zauna, ko dai bai gwada ba, ko yana da kwalba a hannu da yake son sayarwa.

Illa kuwa, abin da na gani shi ne wanda takardar ta riga ta faɗa: ɗan bushewa da ƙaiƙayi a cikin hanci, wanda ya wuce da na daina. Wani maƙwabcina a ɗakin kwanan ɗalibai, ɗan Masar, ya sa nasa da dare don ya yi karatun jarrabawa, ya kwana ido biyu, ya shiga jarrabawar a gajiye. Da na gama zangon da aka rubuta mini na ajiye kwalbar, jikina bai nema ba. Wannan yana da muhimmanci a wurina, don mun ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa samari a garuruwanmu, wasunsu kuma da sunan ƙarin ƙarfin aiki ko karatu suka fara. Semax ba ya bugarwa, ba ya sa maye, ban ji ƙishirwarsa ba.

Daga baya na sake gwada shi, da yardar likitar, a zangon jarrabawar bazara, lokacin da rana ke fitowa tun wajen ƙarfe uku na dare, barcina kuma ya daidaita, bitamin ya koma daidai. A wannan karon bambancin ya yi ƙanƙanta har ba zan iya rantsuwa a kansa ba. Wannan ya ƙara tabbatar mini da maganar dattijuwar nan, cewa mafi yawan sauƙin da na samu a hunturu daga ukun farko ya fito.

Binciken da aka yi a kansa ma haka yake nunawa idan mutum ya karanta shi da idon basira. Mafi yawansa a kan ɓeraye ne. A can an ga Semax yana ƙara wani furotin mai suna BDNF a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da riƙe abu, shi kuwa BDNF yana taimaka wa ƙwayoyin jijiya su rayu su kuma ƙulla sababbin hanyoyi a tsakaninsu. An ga kuma yana rage ɓarna idan aka toshe wa ɓera jijiyar jinin ƙwaƙwalwa. Daga nan kalmar "kare ƙwaƙwalwa" ta samo asali. A kan mutane, sanannen binciken shi ne na 1997, na Yevgeny Gusev da Veronika Skvortsova da abokan aikinsu, a kan marasa lafiya 30 da jini ya toshe musu a ƙwaƙwalwa. Ita Skvortsova daga baya ta zama ministar lafiya ta Rasha daga 2012 zuwa 2020. An sake wani a 2018 a kan mutum 110 masu murmurewa daga shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon duka ya nuna alheri. Gwamnatin Rasha ta sa maganin a jerin muhimman magungunanta. Sai dai mutum 30 ko 110 ba yawa ba ne a harkar magani. Magungunan hawan jini da muke sha an gwada su a kan dubban mutane, a ƙasashe daban-daban, ta hanyar da likita da marar lafiya duk ba su san wa aka ba magani wa aka ba ruwan banza ba. Semax bai bi ta wannan babbar ƙofa ba, kuma kusan duk binciken daga ƙasa ɗaya ya fito, galibi daga hannun masu alaƙa da waɗanda suka ƙirƙiro shi. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da shi a matsayin magani ba, haka ma ta Tarayyar Turai. A kan masu lafiya kuwa, irin ɗalibin da ke son ya ci jarrabawa, binciken ya fi ƙaranci.

Ba ina cewa likitocin Rasha ba su san aikinsu ba ne. Ina cewa su da kansu suna ba da shi ne a matsayin ƙari a kan sauran magani, ga wanda suka duba suka san abin da ke damunsa.

Sai batun na fesawa, wanda shi ne a bidiyoyin. Abin da ke kemis a nan na ɗigawa ne. Kwalaben fesawa masu kyan gani da rubutun Turanci daga 'yan kasuwar intanet suke fitowa. Wani ɗan uwanmu da ke aiki a Abuja ya yi odar irinsa da daloli masu yawa, ya turo mini hoton gaba da baya yana neman shawarar yadda zai yi amfani da shi. A jikin kwalbar, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa don binciken ɗakin gwaje-gwaje ne kawai, ba don amfanin ɗan Adam ba. Wannan rubutu mai sayarwa yake karewa: idan wani abu ya same ka, ya riga ya gaya maka. Babu lambar NAFDAC, babu takardar bayani, babu sunan masana'anta. Sunan da ke jiki ma N-Acetyl Semax Amidate ne, wato an ƙara wa sarƙar wasu abubuwa a kai da wutsiya. Masu sayarwa suna cewa ya fi ƙarfi. A ilimin sinadarai, idan ka taɓa kai da wutsiyar sarƙa, wani abu daban ka samu, kuma binciken asibitocin Mosko ba a kansa aka yi ba. Sannan wa ya auna abin da ke cikin kwalbar? Wa ya tabbatar babu ƙwayoyin cuta a ruwan da za ka fesa kusa da ƙwaƙwalwarka? Kayan sun yi makonni a hanya, sun iso masa a ambulan, da ɗumi. Na ce masa kada ya kai shi hanci.

Ɗumin nan shi ne dalilina na farko na ƙin aikawa, ko da na kemis ne mai kyau. Takardar ta ce a ajiye shi a sanyin da bai wuce digiri 10 ba, kada kuma ya daskare. Bayan an buɗe, yana jure zafin ɗaki har digiri 25 na wata guda. Yanzu ka ɗauko wannan kwalba ka sa a jakar matafiyi, ta kwana a filin jirgi, ta sauka Kano ko Yamai a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ta shiga motar haya, ta isa gidan da wuta ke zuwa ta ɗauke. Peptayid ba ya sauya launi ya gaya maka ya mutu. Ruwan zai kasance fari tas kamar ranar da aka zuba shi.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a zuciyata. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya faɗi a shagonsa wata safiya, bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafa suka saki. 'Yarsa ta kira ni tana kuka.

"Yaya, an ce akwai wani magani a wajenku mai tayar da wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Na ga bidiyon. Don Allah ko nawa ne ka saya wa Baba, za mu haɗa kuɗin."

Na ce, "Ki yi haƙuri ki nutsu. Yanzu Kawu yana ina?"

"Yana gida. An kira mai tofi, an kuma ce gobe za a kai shi."

"A yi addu'a a mota. Ku ɗauke shi yanzu zuwa babban asibiti, ku ce a yi masa hoton ƙwaƙwalwa. Kada a ba shi komai ta baki sai likita ya duba haɗiyarsa."

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko jini ya daskare ya toshe jijiya, ko jijiya ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Daga waje kamanninsu ɗaya, maganinsu kuwa kishiyoyi ne, kuma hoton ƙwaƙwalwa na CT ne ke rabewa. Allurar da ke narkar da toshewa tana aiki ne idan an yi ta cikin awa huɗu da rabi. Shi kansa Semax mai ƙarfin 1% da take nufi, a Rasha ana ba da shi ne ga mai toshewa, a kwanakin farko, yana kwance a asibiti ana yi masa sauran abin da ya kamata. Kwalbar da za ta iso bayan mako biyu ko uku, ta sha zafi, ba abin da za ta yi sai cinye kuɗin da ake buƙata a wani wuri, ta kuma sa iyali su zauna jiran abin da ke zuwa daga Turai.

Da aka bincika, Kawu ya daɗe da hawan jini, ya daina shan ƙwayoyinsa saboda yana jin garau. Labarin gidaje da yawa ke nan. Babban binciken nan na SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa a cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo a mutanenmu. Kuɗin da suka so haɗawa sun tafi a na'urar auna jini ta gida, da ƙwayoyin da likita ya rubuta, da kuɗin mota zuwa sashen gashi, inda ake motsa masa gaɓoɓi. 'Yar tasa ta koyi atisayen, tana yi masa safe da yamma: ta buɗe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta sa masa kofin roba a tafin hannu, ta ce, "Baba, riƙe, kada ka saki." Yau yana takawa da sanda zuwa masallaci. Hannun bai dawo duka ba, maganarsa tana ɗan sarƙewa idan ya gaji. Duk mai son kare ƙwaƙwalwar iyayensa, ya tambaye su yaushe rabon da a auna jininsu da sugansu, ya kuma duba ko ƙwayoyin da ke cikin ledar nan ana shan su.

Akwai waɗanda takardar maganin ta hana kwata-kwata: mai ciki, mai shayarwa, mai tarihin farfaɗiya ko jijjiga, mai taɓin hankali da ya tashi, da mai ciwon fargaba da damuwa. Na ƙarshen nan a kula da shi, don ɗalibai da yawa da ke cewa "kaina ba ya ɗaukar karatu" fargaba ce ke cin su, kuma su ne suka fi saurin neman irin wannan magani. Ƙananan yara ma an hana. Iyaye mata biyu sun tambaye ni saboda yaransu ba sa ƙoƙari a makaranta. Yaron da ba ya gane karatu a duba idonsa, da kunnensa, da jininsa, da abin da yake ci kafin ya fita da safe, da zazzaɓin da ke yawan kwantar da shi. Mai mantuwar tsufa kuma likita ya kamata ya gani, don wata mantuwar daga suga take, wata daga ƙarancin bitamin B12, wata daga maƙoƙo, kuma waɗannan duk suna da magani a asibitocinmu.

Ga ɗalibanmu da ke nan Rasha, waɗanda kemis ke ƙasan benensu, shawarata su bi ta hannun likita kamar yadda na bi, su karɓi gwajin jinin da za a tura su, su sayi na kemis mai kwali da takarda da ranar lalacewa, su tsaya a kwanakin da aka rubuta. A ɗakin kwanan ɗalibai firji na kowa da kowa ne, don haka a sa kwalbar cikin kwalinta a ƙofar firjin, nesa da bangon baya inda abu ke daskarewa, a rubuta ranar da aka buɗe a jiki. Idan likita ta sake rubuta mini shi a wani hunturun, zan saya, tunda ba shi da tsada a nan kuma bai cutar da ni ba. Da kuɗina da ra'ayina kaɗai ba zan nema ba.

Saura batun azumi, wanda wasu suka tambaya. Maganin da safe zuwa rana ake sa shi, kuma na faɗa cewa ɗigon yana iya gangarawa maƙogwaro ko mutum ya yi hattara. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, ruwan da ya bi ta hanci ya kai maƙogwaro yana karya azumi, kuma an san hadisin da ya hana mai azumi kai matuƙa wajen shaƙa ruwa a alwala. Wanda likita ya rubuta wa saboda ciwo, ya tambayi likitan ko zai iya mayar da shi lokacin sahur, ya kuma tambayi malaminsa. Wanda gajiyar karatu ce kawai irin tawa, zangon kwanaki kaɗan ne, babu abin da zai rasa idan ya bari sai bayan Sallah.